Tambaya da Amsa: Gudun Tauraro da Hasken da Ido Ba Ya Gani

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da na taɓo zancen duniyoyin da ke kewaya wasu taurari a fitowar da ta gabata, wasiƙu suka yi ta shigowa, kuma kusan duka a wuri ɗaya suka tsaya: ta yaya aka sani? Na ji daɗin wannan tambaya fiye da yadda zan ji daɗin yabo. Ga biyar da na zaɓa.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi da ke ajin ƙarshe na sakandare: Malam, ka ce ana sanin ko tauraro yana matso mu ko yana nisanta, har a faɗi mita nawa yake yi a sakan ɗaya. Abin da ko a madubin hangen nesa ɗigon haske ne kawai, da me ake auna gudunsa?

AMSA: Ɗana, wata rana ka tsaya bakin titi ka saurari mota mai gudu da direbanta ya danne hon. Tana tunkaro ka, ƙarar siririya ce. Tana giftawa sai ƙarar ta yi kauri. Shi direban bai ji wani sauyi ba. Sauti igiya-igiya yake tafiya, to motar da ke zuwa tana cunkusa igiyoyin a gabanta, mai tafiya kuma tana miƙe su a bayanta. Christian Doppler, wani masani ɗan Ostiriya, shi ya bayyana wannan a 1842, kuma haske ma haka yake yi. Tauraron da ke matsowa, haskensa yana ɗan karkata wajen shuɗi. Mai nisanta, wajen ja.

Sai dai karkatar ba ta kai a gan ta a launin tauraron ba. Abin da ya cece mu shi ne layuka. Idan aka shigar da hasken tauraro cikin na'urar tsefe haske, ya bazu kamar bakan gizo, za ka ga siraran baƙaƙen layuka sun ratsa launukan, dubbansu. Joseph Fraunhofer ya zana ɗaruruwa daga cikinsu a hasken rana tun wajen 1814. Kowane sinadari da ke saman tauraron, ƙarfe ne ko sodiyam ko haidirojin, yana da gurbin da yake shanye haske, kuma an san gurabun nan sarai domin an auna su a ɗakin gwaji. Idan layukan tauraro duka sun gusa daga inda aka san su, gusawar ita ce gudunsa.

Yanzu bari in nuna maka ƙanƙantar abin, don nan ne yake ba ni mamaki har gobe. Haske yana yin kilomita 300,000 a sakan. Tauraron da ke tafiyar mita ɗaya a sakan, wato tafiyar mutumin da ba ya sauri, layukansa suna gusawa da kashi ɗaya cikin miliyan 300 na tsawon igiyar. A kan idon na'urar, wannan bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na ɗigo ɗaya ba, irin ɗigon da ke haɗuwa ya zama hoto a wayarka. Layi ɗaya ba zai taɓa nuna wannan ba. Sai an haɗa dubban layuka a yi musu lissafi tare, kowanne ya ba da ɗan abin da ya gani.

Ina ruwan wannan da duniyoyi? Ka taɓa ganin uba ya kama hannuwan ɗansa yana wulwula shi? Yaron ne ke yin babban zagaye, amma uban ma yana jingina baya yana ɗan kewayawa. Haka tauraro da duniyarsa. Mushtari, mafi girma cikin duniyoyin da ke kewaya rana, yana sa ranarmu rangaji na mita 12.5 a sakan, zagaye ɗaya cikin shekara kusan 12. Duniyarmu kuwa santimita 9 kacal take iya motsa ta, tafiyar kunkuru. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz, da wata na'ura mai suna ELODIE a kudancin Faransa, suka ga tauraron 51 Pegasi yana zuwa yana komawa da gudun mita hamsin da 'yan kai a sakan, duk kwana 4.2. Duniyar da ke jan sa ita ce ta farko da aka gano tana kewaya tauraro irin ranarmu, kuma aikin ya ba su kyautar Nobel a 2019.

Kada ka manta mu ma ba a tsaye muke ba. Duniya tana kewaya rana da gudun kilomita 30 a sakan, tana kuma juyawa a kan kanta. Mai neman mita ɗaya dole ya fara cire mita 30,000 na tafiyarsa, kuma ya cire su daidai, har da sanin ainihin lokacin da hasken ya shigo.

TAMBAYA, daga wata malama mai koyar da kimiyya: Na karanta cewa sababbin na'urorin wannan aiki da hasken infirared suke amfani. Me ya sa aka bar hasken da muke gani? Kuma yaya zan nuna wa ɗalibaina hasken da ba a gani?

AMSA: Malama, Allah ya ƙara basira. Bari in fara da ta biyun don ita ce mai sauƙi. Ki ɗauki rimot ɗin talabijin ki kai aji. Ki danna shi a gaban yara, ba za su ga komai ba. Sai ki buɗe kyamarar waya, ki saita kan rimot ɗin gare ta, ki sake dannawa. Ɗan ƙwan da ke bakinsa zai riƙa walƙiya da wani fari mai ratsin shunayya. Idan kyamarar baya ta ƙi nunawa, ki gwada ta gaba, don wasu wayoyin suna da matatar da ke tare shi. Na yi wannan a gaban ɗalibai sau da yawa, kuma kullum sai an samu wanda ya karɓi rimot ɗin ya leƙa bakinsa da idonsa, ya koma ya duba waya, ya sake leƙawa. Wannan yaron ya fahimci darasin. Da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, ake auna tsawon igiyar haske, kuma idonmu yana tsayawa ne a wajen maikiron 0.7, ƙarshen ja. Rimot yana haske a wajen 0.94. William Herschel ne ya fara gano akwai wani abu a can, a 1800, lokacin da ya ajiye ma'aunin zafi a gefen jan bakan gizon da ya fitar daga hasken rana, inda babu launi ko kaɗan, ya ga ma'aunin ya hau. Abin da ake kira infirared na kusa shi ne daga bayan ja zuwa wajen maikiron 2.5.

Dalilin komawa can kuwa shi ne jajayen wadanni. Waɗannan ƙananan taurari ne marasa zafi sosai. Saman ranarmu yana da zafin digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyos, su kuwa da yawansu ko 3,000 ba su kai ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin da ke babban gungun da ranarmu take ciki su ne, amma da wuya ki ga ko ɗaya da ido. Maƙwabcin rana mafi kusa, Proxima Centauri, jan wada ne, tafiyar haske ta shekara 4.2 kawai tsakaninmu, kuma ba a ganinsa sai da madubi. Ki tuna ƙarfen da aka sa a wuta: kafin ya yi fari sai ya yi ja, kafin ya yi ja kuma kina jin zafinsa a fuska alhali bai fara haske ba. Jan wada yawancin haskensa a wajen maikiron ɗaya zuwa sama yake zubarwa. Wanda ya tsaya a hasken da ido ke gani, ragowa kawai yake tsinta.

Kuma masu neman duniya irin tamu suna son waɗannan taurari. Tauraron ba shi da nauyi, don haka ƙaramar duniya ma tana iya jijjiga shi. Ba shi da zafi, don haka inda ruwa zai iya zama ruwa yana kusa da shi, shekarar wurin kwanaki ce kawai. Duniyar da aka sanar a 2016 a gefen Proxima nauyinta bai fi na tamu da yawa ba, tana zagaye cikin kwana 11.2, tana motsa tauraronta da wajen mita 1.4 a sakan. Ki gwada da santimita 9 ɗinmu.

Shi ya sa aka yi ta gina na'urori. CARMENES, ta Jamusawa da Sifaniyawa, ta fara aiki a 2016 a dutsen Calar Alto na Sifaniya, tana da hannu biyu, ɗaya na hasken da ake gani, ɗaya na infirared. SPIRou tana kan dutsen Mauna Kea a Hawai, tana kaiwa har wajen maikiron 2.3. A dutsen nan dai Japanawa suka ɗora IRD a kan madubin Subaru mai faɗin mita 8.2, kuma da ita aka gano wata duniya a gefen tauraron Ross 508 a 2022. Akwai HPF a Texas ta Amurka, sai NIRPS da ta fara aiki a 2023 a La Silla ta ƙasar Chile.

Amma kowane allazi da nasa amanu, kuma a nan nake so ki daɗe da ɗalibanki, domin wahalar aikin ta fi labarin nasarar koyarwa.

Ta farko iskar da ke kanmu ce. Tururin ruwa da iskar kabon da mitan suna shanye infirared, su ma suna zana nasu layukan a kan na tauraron, dubbai. A wasu wurare sun toshe hanya gaba ɗaya, saura tagogi uku da masana ke kira J da H da K. Ko cikin tagogin ma ba a tsira ba, kuma zurfin layukan ruwa yana sauyawa da ɗanshin daren. Sannan can sama iskar da kanta tana fitar da wani ɗan haske a infirared duk dare. Abin da ke taimakawa shi ne wannan tafiyar tamu ta kilomita 30: layukan iska suna nan inda suke, na tauraro kuwa suna kai da komo a tsakaninsu cikin shekara, ta haka ake raba su. Dabarar tana burge ni, domin abin da ya zama matsala a tambayar farko shi ne magani a nan.

Ta biyu zafi. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da infirared, har bangon na'urar. Don haka ake rufe ta cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska, a sanyaya ta. SPIRou tana zama a wajen digiri 200 ƙasa da sifiri, HPF a wajen 93 ƙasa da sifiri, kuma ana riƙe sanyin kada ya motsa fiye da kashi ɗaya cikin dubu na digiri. In ya motsa, ƙarfe da gilashi za su miƙe ko su tsuke, layuka su gusa, a zaci tauraro ne.

Ta uku idon na'urar. Silikon da ke cikin kyamarar wayarki yana makancewa daga maikiron 1.1. Dole a koma wani haɗi na makuri da kadmiyam da teluriyam, wanda yake da wani hali: idan ya kalli abu mai haske sosai, inuwar abin tana ɗan saura a hoton da ke biye, kamar yadda idonki ke yi bayan kin kalli fitila.

Ta huɗu abin gwaji. Mai auna kashi ɗaya cikin dubu na ɗigo yana buƙatar rula da ba ta motsi. Tururin ayodin da aka daɗe ana dogara da shi, layukansa a kore da rawaya suke, ba sa zuwa infirared. Aka koma fitilun yuraniyam da niyon, aka kuma kawo matsefin lesa, wanda ke fitar da dubban siraran layukan haske a jere, tazararsu ɗaya kamar haƙoran mataji, an ɗaure tazarar da agogon atam.

Ga ra'ayina, kuma ki faɗa wa yara haka: infirared bai cika duk alkawarin da aka yi masa da farko ba. Masu CARMENES da kansu sun nuna cewa ga yawancin jajayen wadanni, ma'auni mafi kaifi yana fitowa ne daga iyakar ja, tsakanin maikiron 0.7 da 0.9, sai a taurari mafiya sanyi ne infirared ke yin fintinkau. Ita kanta duniyar Proxima da hasken da ake gani aka gano ta. Babban amfaninsa a wurina yana cikin amsar da ke biye.

TAMBAYA, daga wani dattijo mai yawan sauraron rediyo: An sha cewa an gano wata duniya, bayan ɗan lokaci kuma a ce babu ita. Ƙarya suka yi da farko, ko yaya?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba ƙarya suka yi ba, tauraron ne ya yaudare su, kuma zan gaya maka yadda yake yi.

Tauraro yana juyawa a kan kansa. Kullum gefensa ɗaya yana tahowa wajenmu, ɗayan yana komawa. Hasken wancan ya karkata shuɗi, na wannan ya karkata ja, sai su yi canjaras. To taurari suna da tabo, wuraren da suka fi sauran jikin sanyi da duhu, ranarmu ma tana da su. Idan babban tabo ya hau gefen da ke tahowa, ya rage hasken wannan gefe, sai ja ya rinjaya, na'ura ta ce tauraro yana nisanta. Bayan kwana ɗaya ko biyu tabon ya koma ɗaya gefen, na'ura ta ce yana matsowa. Tauraron bai je ko'ina ba, amma a takarda ya yi kai da komo a kan lokaci, sak irin na mai duniya.

Haka ta faru da wani jaririn tauraro mai suna TW Hydrae. A farkon 2008 aka sanar an gano wata ƙatuwar duniya a gefensa, nauyinta kusan goma na Mushtari, tana zagaye cikin kwana uku da rabi, tauraron yana rangajin wajen mita 200 a sakan. Labarin ya yi armashi domin tauraron bai wuce shekara miliyan goma ba. Kafin shekarar ta fita, wasu masanan suka duba shi a infirared da na'urar CRIRES da ke Chile. Rangajin ya kusa ɓacewa.

Hujjar a fili take, Baba. Idan duniya ce ke jan tauraro, duk jikinsa ne ke motsi, don haka kowane launi dole ya ba da gudu iri ɗaya. Tabo kuwa a hasken da ake gani ne yake baƙi ƙirin. A infirared bambancinsa da sauran jikin tauraron yana raguwa, ƙaryar gudun da yake haifarwa ma ta ragu. Ka ga shaidu biyu ke nan. In bakinsu ya zo ɗaya, magana ta fara ƙarfi. In suka saɓa, a koma a binciki tabo. Haka aka sake yi wa tauraron AD Leonis, wanda aka yi zaton yana da duniya mai zagayen kwana 2.2, adadin da ya yi daidai da juyawar tauraron a kan kansa. Infirared bai ga abin da hasken ido ya gani ba. Wannan ne ya sa aka haɗa NIRPS da tsohuwar na'urar HARPS mai aiki da hasken ido a kan madubi ɗaya mai faɗin mita 3.6, su kalli tauraro ɗaya a lokaci ɗaya, kowacce da nata hasken.

Kar dai a ɗauka infirared ba ya ruɗuwa. Tabo daga maganaɗisun tauraro yake fitowa, shi kuma maganaɗisu yana tsaga layukan haske, tsagar tana ƙaruwa yayin da igiya ke ƙara tsawo. Wani lokaci an gudu gara ne an faɗa gidan zago. Shi ya sa aka gina SPIRou ta riƙa auna maganaɗisun tauraron tare da gudunsa. Ni dai idan na ji an janye wata duniya, ba na jin an ci amanata. Waɗanda suka janye ta sun ƙara mini yarda da sauran da suka tsallake irin wannan bincike.

TAMBAYA, daga wata ɗaliba a jami'a: Me ya sa ake cewa nauyin duniya kaza “aƙalla” kaza ne?

AMSA: 'Yata, domin wannan hanya tahowa da komawa kawai take gani, ba ta ganin motsin gefe. Idan falakin duniyar ya ba mu gefensa, muna ganin rangajin duka. Idan a karkace yake, wani ɓangare kawai muke gani, sai nauyin da muka lissafa ya gaza na gaskiya. Idan ya fuskance mu kamar faranti, ba ma ganin komai. Sai in an yi sa'a duniyar tana giftawa ta gaban tauraronta tana rage haskensa, sannan a san karkatar, a cire kalmar “aƙalla”.

TAMBAYA, daga wani ma'aikacin lafiya: Duk wannan ɗawainiya don neman duniyoyi ne kawai?

AMSA: A'a, ɗan'uwa. Infirared yana da wata baiwa: yana ratsa ƙura. Tsakaninmu da tsakiyar gungun taurarinmu akwai tafiyar haske ta shekara kimanin 26,000, kuma hanyar cike take da ƙura. A hasken da ido ke gani, cikin tiriliyan ɗaya ƙwaya ɗaya ce ke isowa. A wajen maikiron 2.2, kusan ɗaya cikin goma ke isowa. Da wannan ne shirin APOGEE, wanda ya fara a 2011 a New Mexico ta Amurka, ya riƙa tsefe hasken taurari 300 a lokaci guda, har ya auna gudun dubban ɗaruruwansu, ciki har da waɗanda ƙura ta ɓoye, don a ga yadda gungun ke juyawa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne tauraron da ake kira S2. Yana can tsakiyar, yana kewaya wani abu da ba ya haske, zagaye ɗaya cikin shekara 16. Tawagar Reinhard Genzel da ke aiki da madubai a Chile, da ta Andrea Ghez da ke aiki a Hawai, sun bi shi tun shekarun 1990. Hotuna suna ba su motsinsa na gefe, wani layin haidirojin da ke maikiron 2.17 yana ba su tahowarsa da komawarsa. Da aka haɗa biyun sai falakin ya fito cikakke, nauyin abin da yake kewayawa ya fito, ninki miliyan huɗu na rana, nisan wurin ma ya fito. A watan Mayun 2018 S2 ya zo mafi kusa da wannan abu, wanda ake kira baƙin rami don ko haske ba ya kuɓuce masa, da gudun kilomita 7,700 a sakan, haskensa ya ƙara ja da wajen kilomita 200 a sakan fiye da lissafin Newton, daidai yadda lissafin Einstein ya ce zai yi. Genzel da Ghez suna cikin waɗanda suka karɓi Nobel a 2020. S2 zai sake kusantar ramin a 2034, kuma ɗalibin da ya aiko tambayar farko, idan ya riƙe karatunsa, shekarunsa sun isa ya kasance cikin masu auna layin nan a lokacin, in Allah ya kai mu.